Birin da ke cin gawayi a kurmin Jozani

Daga birnin Zanzibar zuwa kurmin Jozani tafiyar kilomita 35 ce, kudu maso gabas a Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya. Tun kafin mu iso ƙofar shiga direbanmu ya rage gudu, saboda an yi tuddai a kan kwalta don kada motoci su riƙa take birai masu tsallaka titi.

Jan birin nan da ake kira kolobus ba a samun irinsa a daji ko'ina a duniya sai a Zanzibar, kuma ƙidayar da aka fitar a 2017 ta nuna ba su kai 6,000 ba. Na zaci sai mun kutsa can tsakiyar kurmi za mu gan su. Ashe suna bakin gonaki, a kan bishiyoyin mangwaro, wata uwa da jaririnta manne a ciki tana tsinkar ganye ko kallonmu ba ta yi. Bayansu ja, fuska baƙa, ga farin gashi tsaye a ka. Ja-goranmu ya ce in duba hannun: yatsu huɗu ne dogaye, babban yatsan kuwa ɗan guntu ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cin gawayi. Ganyen mangwaro da suke ci yana da sinadarai masu wahalar da ciki, gawayi kuma yana tsotse su. Don haka birai kan bi kututturen da aka ƙone a gona, ko inda masu gawayi suka yi aiki, su ɗauki guntu suna gurgura. Sai dai wannan sana'ar gawayin da sarar itacen girki su ne ke cinye dajin da birin ya dogara da shi. Ban iya ganin laifin mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa ba, kuma manomin da birai suka ɓata wa kwakwa yana da gaskiyarsa. Shi ya sa na ji daɗi da na ji cewa wani kaso na kuɗin shiga kurmin, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 2004, yana komawa ƙauyukan da ke kewaye.

Washegari muka wuce Jambiani a gabar gabas. Da ruwan teku ya janye, sai ga mata da zannuwansu na kanga zaune cikin ruwa iya ƙugu, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Noman nan ya kankama a tsibirin tun wajen 1989, ana shanya ciyawar a sayar zuwa ƙasashen waje. Wata dattijuwa ta nuna mana wadda ta yi fari ta ruɓe, ta ce ruwan ya fi da ɗumi yanzu. Masu ƙarfi sun fara kai igiyoyinsu inda ya fi zurfi, amma da yawa cikin matan ba su iya iyo ba.