Akurkina da iska ta kai gidan maƙwabta

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san irin iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, gabas ta yi jawur, ƙura ta rufe gari har duwatsun Birni ba ka hango su, to irin wannan ce ta ɗauke min akurki bara. Ina cikin ɗaki na ji ƙarar kwano kamar an jefar da tasa, ko da na fito babu akurki babu dalilinsa, kaji 9 sun watse cikin tsakar gida suna ta kuka, shi kuwa yana can ya tsallake katanga ya faɗa kan randar maƙwabciyarmu. Da safe na shiga ba da haƙuri, tsohuwar ta dube ni ta ce "ɗan nan, akurki ka yi ko jirgin sama?" Na ce ki yi haƙuri Inna, na biya randa na dawo.

Laifina ne wallahi. Na yi shi dogo ya kusa kai min ƙirji don in riƙa shiga da sauƙi, katakon marar nauyi saboda ina so in riƙa ja, kwanon kuma na bar masa baki ya fito sosai ta ko'ina wai don inuwa. Ashe ta nan iska ke shiga ta ƙasa ta ɗaga shi kamar lema. Dama akurkin da ake ja matsalarsa ke nan, kana son ya yi sauƙin ɗauka, iska ma haka take so.

Na biyun sai da na zauna da wani mai walda kusa da kasuwar Dole muka zana a ƙasa. Muka yi shi kamar bukka, rufin ya gangaro gefe biyu har kusa da ƙasa, tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, tsayinsa bai wuce mita 1 ba. Gindin ƙarfe ne, don katako in ya daɗe kan ƙasa gara ba ta barinsa, kuma nauyin ya koma ƙasa inda ake son sa. Kwano rabi kawai na sa, wajen da suke kwana, sauran duk raga ce ta waya, iska ta shiga ta fita abinta ba ta samu abin turawa ba. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kwano, in iska ta yi ta girgiza shi ramin ƙusar sai ya buɗe, shi ya sa na huda na ɗaure da waya jikin ƙarfen, kowane ƙulli na sa guntun robar taya a ƙarƙashi.

Abin da ya fi komai aiki kuwa turaku ne. Rodi 4 muka yanka kowanne kamar rabin mita, aka lanƙwasa kansu kamar ƙugiya, in na ajiye akurkin sai in kafa su a kusurwa huɗu su kama gindin, a karkace nake buga su ba a miƙe ba don ƙasarmu yashi ce, na miƙe da hannu ma kana zare shi. In hadari ya haɗu sosai ina ƙara buhu biyu na yashi a gefen gabas, kuma kullum ƙuntataccen bayansa nake juyawa can, ba faffaɗan gefen ba.

Taya biyu na tsohon baro ne a baya, gaba kuma mariƙi, ni kaɗai ina jansa. Duk kwana 3 ko 4 nake matsar da shi cikin ɗan filin bayan gida, inda ya tashi kashin kaji ya zama taki, nan uwargida ta shuka kuɓewa da yakuwa.

Abu ɗaya na manta, zafi. Cikin Afrilu da rana ta wuce digiri 40 kwanon nan tanda ne, kaji suka riƙa buɗe baki suna haki, dole na shimfiɗa zana a kai, ita ma ɗaurewa na yi da waya don na san halin gari. Daminar bana iska uku masu ƙarfi suka yi, ɗaya har ta karya reshen dogon yaro a ƙofar gida, na leƙa da tocila na tarar kaji na barci. Zanar ce dai ta tafi, har yau ban gan ta ba, kuma Inna ta ce ba ta faɗo gidanta ba.