Ƙauyen da Babu Shi a Taswirar Gombe

Tun bayan fitowar littafina, masu karatu suke tambayata inda ƙauyen labarin yake, har wani malami ya rantse cewa garin kakanninsa ne. Gaskiyar magana ita ce ƙauyen ƙagagge ne, amma ƙasar da na dasa shi a kanta ta gaske ce.

Kogin da mata ke wanki a bakinsa Gongola ne, dutsen da jarumar ke hange da asuba kuwa Bima ne, kamar yadda ake ganinsa daga wajejen Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba. Sai dai na matso da dutsen kusa da gidaje fiye da yadda Allah ya ajiye shi, domin ina son inuwarsa ta riƙa sauka a kan gonakin auduga.

Kufan da tsoho mai kiwo ke kwana a cikinsa na aro shi ne daga Gombe Abba, mazaunin Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe, garin da aka ɗauke hedikwatar masarauta daga cikinsa zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. A Gombe Abba na fi daɗewa ina zama, ina sauraron dattawa, kuma a ganina babin da ya fito daga wannan zaman shi ne mafi rai.

Kasuwar Laraba da rijiyar bakin masallaci kuwa nawa ne, kada wanda ya wahalar da kansa neman su.