Gilashin baya ne ya cinye mini fim goma sha biyu

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kamara mai zugazugi ce, mai cin fim inci 4x5, ta hannu, na yo odarta daga Faransa don ɗaukar kayan azurfar maƙeran Buzaye a nan Yamai. Wajen zaɓe ban yi sake ba: irin mai tafiya kan sanda guda, dangin Sinar P, wadda ake murza haƙora a saita ta, domin mai turawa da hannu kana ɗaure ta saitin ke gocewa. Ido, wato gilashin gaban kamara, 210mm ne, zugazugi ya kai santimita 42. In kana son zobe ya fito daidai girmansa, dole ka ja zugazugin ninki biyu na 210mm ɗin idon, ka kuma ninka lokacin haske sau huɗu.

Abin da ban duba ba shi ne gilashin baya, inda hoto ke bayyana a kife. Fuskarsa mai kaushi ita ke kallon ido, kuma tilas ta zauna daidai inda fim zai zauna, wato wajen milimita 5 daga leɓen shasi, gidan da ake zura fim a ciki. Ashe mai ita na farko ya cusa farantin Fresnel, wani siririn faifai mai tattara haske, a gabanta don ƙarin haske, ya tura ta baya. Ni kuwa ina cikin baƙin ƙyalle da lup, gilashin ƙara girma, zufa na zuba, zanen giciyen Agadez ya fito mini tar. Da na wanke fim ɗin, kaifin duk ya koma bayan inda na saita. Da a f/22 na ɗauka, wato na tsuke ƙofar idon, da asiri ya rufu. A f/8 na yi, ƙofa a buɗe, don bango ya narke. Guda goma sha biyu, fim ɗin da sai an aiko maka daga waje!

Gwajin kuwa fim ɗaya yake ci. Jingina rula a karkace, nisan mita ɗaya da 'yan kai, buɗe ido f/5.6, saita kan lamba 15, ka ɗauka. Tawa a 17 ta fito da kaifi. Na kwance ƙusoshin, na mayar da Fresnel ɗin ta waje, na sake gwadawa, sai ga 15 cas.

Yanzu ko kamarar Linhof ce ba na zura mata fim ɗin aiki sai rula ta yi shaida. Shasi ma ɗaya-ɗaya nake aunawa, saboda tsofaffin na katako hunturu na lanƙwasa su.