Abin da na koya da na rage magana a ajin yara

Aiki mafi wuya a ajin ƙananan yara shi ne malama ta riƙe hannunta da bakinta. Mun taso da ganin cewa malami nagari shi ne wanda ake jiyo muryarsa tun daga bakin ƙofar makaranta, yana faɗa yara na amsawa. Da aji ya yi tsit, sai a ɗauka malama ta samu wurin hutawa.

Wadda ta sauya mini tunani ita ce Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara, mai suna Gidan Yara, a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, a Janairun 1907. Ta lura da wata yarinya 'yar kimanin shekara uku tana zura guntayen katako a ramukansu, ta cire ta mayar, fiye da sau 40. Ta sa sauran yara suka yi waƙa, har ta ɗaga yarinyar da kujerarta ta ɗora kan tebur, amma yarinyar ba ta daina ba. Kayan da kansu suke nuna kuskure: in guntu ya shiga ramin da ba nasa ba, a ƙarshe wani zai rasa wurin shiga.

A ajina ba mu da irin waɗannan kaya. Muna da ƙaramar buta, kofi, wake, cokali da murafen kwalba. Yaro zai ɗauki buta ya zuba ruwa a kofi, ya yi ambaliya a tire. Nan take zai ɗago ya dubi fuskata. In bai ga faɗa ba, bai kuma ga na taso ba, sai ya ɗauko tsumma ya goge, ya sake karkata butar, wannan karon a hankali, harshe a waje. Da na karɓi butar na nuna masa, ruwan ba zai zube ba, amma hannuna ne zai ƙware, ba nasa ba. Hatta yabo yana katse su. Ka ce "Yawwa, yaron kirki!" sai ya saki aikin ya koma neman idonka.

Zaman nan ba zaman banza ba ne. Da littafi a cinyata nake yi, ina rubuta wa ya ɗauki me, da wane hannu, ya daɗe ko ya yar. Ta haka na gano wata yarinya da ba ta buɗe baki a karatun allo tana jera murafe bibbiyu, launi da launi. Ta isa fara ƙirga, kuma da hayaniyar aji kawai nake bi, ba zan sani ba.

Akwai inda ba na jira. Duka, ƙwacen kayan wani, almakashi kusa da ido, a nan take nake tashi.

Iyaye ne suka fi damuwa, kuma ina fahimtarsu, kuɗinsu suka biya. Uwa za ta ce, "Malama, yau ban ga komai a littafinsa ba." Sai in ce, "Hajiya, gobe ki zo da safe ki zauna kusa da ni, amma kada ki kira sunansa." Yawancin waɗanda suka zo, da suka tashi tafiya tambayarsu ita ce me za su ajiye wa yaron a gida ya riƙa yi da kansa.