Masassarar da Ta Kama Motata a Gindin Kufena

Ranar da na fara gwada sabon injin, yara huɗu ne suka biyo ni tun daga bakin hanya har gindin dutsen Kufena. Na ajiye motar gaban wani dutse da bai wuce tsayin gwiwata ba, na ɗan taɓa kunamar rimot. Sai ta hau karkarwa, kaf-kaf-kaf, taya ta motsa gaba ta dawo baya. Na ƙara matsawa kaɗan. Nan take ta zabura kamar jakin da aka tsikara, ta daki dutsen, ta wuntsila, tayoyi huɗu suna kallon sama. Ƙaramin cikin yaran ya dube ni ya ce, "Baba, masassara take yi ne?" Sauran suka kwashe da dariya. Ni kuwa ina tsaye ina lissafin kuɗin da na kashe da makonni biyar da na yi ina jiran kayan su iso daga China.

Ga wanda bai taɓa ganin irin waɗannan motoci ba, motocin rimot ne na hawan duwatsu. Tawa mai girman 1/10 ce, wato ɗaya bisa goma na motar gaske, tsawonta ya ɗan ɗara kamu ɗaya, tayoyinta huɗu duk suna ja, kuma taushi gare su kamar soso. Ba tsere ake yi da su ba. Daɗin abin shi ne ka ɗora taya ɗaya a kan gefen dutse, ka bar ta ta lallaɓa ta kama, sannan ta biyun ta biyo, kamar hawainiya a reshe. Na hannu na saye ta, ƙirar China ce da aka kwaikwayi tsarin SCX10 na kamfanin Axial, ta zo da inji mai burushi, irin wanda ake kira 540, mai naɗin waya 35.

Shekara guda muka yi da wannan inji lafiya lau. Ƙurar hunturu ce ta ga bayansa. Da na kwance shi, gawayin burushin ya cinye saura ɗan guntu, wuyan amecha ya yi baƙi ƙirin, daidai yadda ake gani a injin guga na masu walda. A nan ne kwaɗayi ya shigo. Na ce tunda zan sayi sabo, me zai hana in sayi marar burushi in huta da canjin gawayi har abada? Na shiga intanet na ga wani haɗi, inji da na'urar sarrafa gudunsa, wadda kowa ke kira ESC, a farashin da bai kai rabin na sanannun kamfanoni ba. An rubuta 3300KV, amfiya 60, ruwa ba ya shiga. Launinsa shuɗi mai ƙyalli. Ban tambayi kowa ba na tura kuɗi.

Lambar KV ɗin nan ita ce yawan juyin da inji zai yi a minti ɗaya kan kowane volt idan ba ya ɗauke da kaya. Batirina LiPo ne mai gida biyu, volt 7.4, ke nan injin zai iya juyi 24,420 a minti. A fili, kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, motar har ɗaga kai take yi. Amma wannan ba shi ne babban laifinsa ba, kuma na daɗe kafin in gane haka.

Inji mai burushi ba ya buƙatar a gaya masa komai. Burushin da kansa yake sauya wa wutar hanya yayin da amecha ke juyawa, ko da juyin bai fi na agogo sauri ba. Marar burushi kuwa wayoyi uku gare shi, kuma ESC ce take zaɓar wayar da za ta ba wuta a kowane lokaci. Kafin ta zaɓa daidai, sai ta san inda maganaɗisun yake. Mai araha irin nawa ba shi da sansa, wato 'yar na'urar da za ta gaya mata inda maganaɗisun yake. Abin da ESC take yi shi ne ta saurari 'yar wutar da injin ke mayarwa ta waya ta ukun idan yana juyawa, da ita take gane inda aka kwana. To idan injin yana tsaye, ko yana tafiyar kunkuru, babu wutar da zai mayar. Sai ta koma lalube. Kamar a ce ka tura yaro a lilo cikin duhu: wani turin ya zo daidai, wani ka tare shi yana dawowa. Wannan lalube shi ne karkarwar da yaron nan ya kira masassara. Motar tsere tana wuce wannan mataki cikin ƙiftawar ido, shi ya sa masu su ba sa kuka. Motar dutse kuwa a nan take kwana take tashi.

Na yi ta dabaru. Na sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora don injin ya riƙa juyawa da sauri motar tana tafiya a hankali. Karkarwar ta ragu, ba ta tafi ba. Sannan ga matsalar birki. ESC ta motar dutse tana riƙe tayoyi da zarar ka saki kunama, motar ta tsaya cak a kan gangare. Wannan ba ta da irin wannan birki sam. Wata Asabar na kai ta kusan saman wani falalen dutse, na saki hannu don in gyara tsayuwa, sai gani na yi tana gangarowa da baya tana ƙara gudu. Sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya ta karye, madubin gefe ɗaya har yau yana can cikin ciyawa. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Abin da na yi bayan haka zai ba wasu mamaki. Baya na koma. Na sayi wani inji mai burushi mai naɗi 35, na haɗa shi da QuicRun 1080 ta kamfanin Hobbywing, wadda don motocin dutse aka yi ta. Wallahi ranar da na ɗora su sai na ji kamar na dawo gida daga doguwar tafiya. Ga birki, ga tafiya sumul, ga shiru. Kuma kada wani ya raina mai burushi. TRX-4 ta kamfanin Traxxas, wadda ta fito a 2017 ta kuma zama abin kwatance a wannan harka, da inji mai burushi mai naɗi 21 take zuwa daga kamfani. Duk wanda kuɗinsa ya tsaya a nan, ya tsaya da daɗin rai, ya riƙa busa wa injin iska yana ɗiga wa bakinsa mai.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, saboda na san ƙura za ta sake cin wannan ma. Bayan wata bakwai na sayi QuicRun Fusion SE, marar burushi mai sansa, shi ma na Hobbywing. Inji da ESC a gwangwani ɗaya suke, a rufe ruf, amfiya 40, a lokacin kuɗinsa bai kai dala 100 ba. Iri biyu ne, 1200KV da 1800KV. Na ɗan yi lissafi a bayan ambulan na ga wani abin sha'awa: 1800 a batir mai gida biyu juyi 13,320 ne, haka 1200 a batir mai gida uku, volt 11.1, shi ma 13,320 cif. Tunda batirana duk masu gida biyu ne, na ɗauki 1800. Idan wata rana na so ƙarin gudu, batir kawai zan canja, don yana ɗaukar mai gida uku.

Ɗora shi bai ci minti ashirin ba. Abu uku ne suka so su ba ni wahala. Ya ɗan fi tsohon injin tsawo, sai da na matsar da mazaunin batir. Tazarar haƙoran giya kuma, na sa tsinken takarda tsakaninsu na ɗaure, na zare takardar, don kada su matse ko su yi sako-sako. Sai na manta ban koya masa iyakar kunamar rimot ɗina ba, wato tsakiya da ƙarshen gaba da ƙarshen baya, motar ta riƙa sulalewa ita kaɗai har sai da na koma na yi.

Na mayar da ita gaban wancan dutse na farko. Na taɓa kunama. Tayar ta soma juyawa a hankali har ina iya ƙirga ƙurajen jikinta ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa dutsen, ta lotsa, ta kama, ta hau, saurin bai canja ba ko kaɗan. Tsarin da ke cikin injin, wanda ake kira FOC, yana sane da inda maganaɗisu yake a kowane lokaci, kuma idan kaya ya yi nauyi shi da kansa yake ƙara wuta don gudun ya tsaya inda ka ajiye shi. A gangare ma haka, ba ta kuɓuce maka. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai abin da na rasa. Da mai burushi ina jin nishin motar a yatsana, na san lokacin da taya ta maƙale tun kafin ido ya gani. Wannan ba ya nishi. Idan taya ta shiga tsaga, murɗawa zai ci gaba da yi har wani abu ya saki, kuma sau da yawa abin da ke saki haƙorin giya ne. Na koyi kallon tayoyi fiye da da. Sannan tunda a haɗe suke, ranar da ɗaya ya mutu, biyun za ka binne.

Bayan mai burushi da Fusion, hanya ta uku ita ce ta masu son ƙwaƙule-ƙwaƙule. Na gwada ta a wata tsohuwar mota da wani abokina ya bar mini. Ana samun inji irin na jirage marasa matuƙi, wanda gwangwaninsa na waje ne yake juyawa, a haɗa shi da ESC mai ɗauke da manhajar AM32, manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya saukewa ya gyara. Shi ma ba shi da sansa, amma abu biyu suka raba shi da shuɗin nan nawa. Shuɗin maganaɗisu huɗu gare shi, taku 12 yake yi a juyi ɗaya. Wannan 14 gare shi, taku 42, don haka kowane taku ɗan ƙarami ne. Na biyu, a ƙaramin gudu AM32 ba ta jiran injin ya gaya mata komai. Ita take juya ƙarfin wutar a hankali, maganaɗisun yana bin ta kamar raƙumi da akala, sai gudu ya kankama sannan ta koma sauraro.

Wayoyin ba su zo da kawuna ba, ni kuma hannuna rawa yake da dalma. Na kai wa wani matashi mai gyaran waya a Sabon Gari. Ya jujjuya allon a tafin hannunsa ya ce, "Yallaɓai, wannan na jirgi ne fa. Ina jirgin?" Na ce, "Malam, mota ce." Ya yi murmushi, ya kunna ƙarfensa, cikin minti goma ya gama, ƙullin dalmar nan sumul kamar ƙwayar gero. Da na nuna masa bidiyon motar a waya sai da ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

Aikin gaske a kwamfuta yake. Sai ka sami 'yar na'urar USB da ke haɗa ta da ESC. Ka kunna ribas, domin injin jirgi gefe ɗaya ya saba juyawa. Ka rubuta mata KV na injin da yawan maganaɗisunsa. Ka kunna birkin tsayuwa. Ka zaɓi ƙarfin da za ta riƙa bayarwa a tafiyar hankali, kuma a nan na ƙona yatsa. Na cika shi sosai don ina son ƙarfi, bayan minti goma na dafa injin ban iya ƙirga biyar ba na janye hannu. A wannan yanayi wuta take turawa ko da kaya ko babu, ga zafin watan Afrilu a kan dutse tsakar rana. Na rage shi kaɗan-kaɗan har na sami inda motar ke hawa injin kuma yana taɓuwa. Da ta tashi tafiya da baya maimakon gaba, wayoyi biyu cikin ukun na musanya, shi ke nan. Wannan dabara ta marar sansa ce kawai, mai sansa a saiti ake juya shi.

Akwai ƙananan abubuwa da babu mai gaya maka sai ka ci karo da su. ESC ɗin da na samu ba ta rage wuta ta ba injin sitiyari, sai da na sayi wani ɗan allo daban da ake kira BEC. Sandar injin milimita 5 ce, giyata kuma ramin milimita 3.175 gare ta, wata jiran ta mako uku. Gwangwanin da ke juyawa a waje ya taɓa cafke wayar fitila ya naɗe ta tas. Kuma a buɗe yake. Duk ranar da muka dawo daga dutse sai na tarar da baƙin gari ya manne a maganaɗisun kamar gashin baki, ƙurar ƙarfe ce da ke cikin ƙasa. Da tsohon burushin haƙori da salatif nake cire ta, in ɗiga wa boris mai.

Yanzu Fusion ɗin yana cikin motar da nake fita da ita idan ina son hutawa. Mai AM32 tana kan tebur rabin lokaci, cikinta a buɗe, don kullum akwai lambar da nake son in ƙara gwadawa. Haɗin 1080 da injinsa suna cikin gwangwanin madara a jakata, saboda sau biyu suna ceton fitata. Shuɗin kuwa na ɗora shi a wata motar fili na ba ɗan yayata. Ranar Juma'a ya kira ni yana haki, ya ce, "Kawu, ta tsere wa kare!"