Hoton na gaskiya ne, amma tumatirin Kawu sai da ya ruɓe

A danginmu ni ne ake turo wa labari a ce "duba mana wannan". Ba wai na karanta aikin jarida ba fa, gyaran waya nake a Farm Centre, to a wajen ƴan uwa duk wanda ya iya kwance waya ya mayar da ita ai ya san duk abin da ke yawo a cikinta. Tun ina ƙi har na saba, har ma na fara jin daɗin abin, don kama maƙaryaci dumu-dumu akwai daɗi. Yawancin abin da ake turowa ba ya cin wani lokaci, hoton ambaliyar wata ƙasa a ce Maiduguri ce, ko wata takarda da aka manna wa tambarin gidan rediyo rubutun ma a karkace, ko sanarwar ɗaukar aiki da ke neman BVN ɗinka. Ka jefa a Google Lens ka ga asalinsa, ka tura guruf, a yi maka Allah ya saka da alheri, shi ke nan. Ba waɗannan ne suka sa ni zaman rubutun nan ba.

Kowa ya tuna ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu ta dawowa Kano daga Fatakwal. Duk mai ɗan uwa ko kaya a hanyar kudu a lokacin zuciyarsa a hannu take. Kawuna sana'ar gwari yake, yana sayen tumatir a Kwanar Gafan ya yi lodi zuwa Ibadan, kasuwar Shasha. Ƴan kwanaki bayan Sallah ya cika mota, mota ta tashi da yamma, bayan isha'i sai wani yaro ɗan ƙanwarsa ya turo masa labari daga wani shafi, kanu da manyan baƙi wai YANZU-YANZU an ƙona shagunan Hausawa a Shasha, ga hotuna, rumfuna sun zama toka, kwanduna a tarwatse tumatir a ƙasa an tattake. Dillalinsa na can kuma ya zo gida Sallah yana ƙauyensu, waya ba ta shiga. Sai ya kira ni.

"Kai ɗan boko, duba min abin nan da na turo maka yanzu, mota tana hanya."

Ina riƙe da shi a layi na sa hoton a Lens, sai ga shi ya fito a manyan jaridu waɗanda kowa ya sani, rumfunan nan dai, hayaƙin nan dai, an rubuta Shasha ɓaro-ɓaro. Na ce "Kawu hoton na gaskiya ne, Shasha ce, amma bari in..." sai ƙit, ya kashe. Wallahi har yau ina jin wannan ƙit ɗin. Kafin in buɗe ɗaya daga cikin jaridun in ga Fabrairun 2021 a samansa har ya kira direba, wanda ko Zariya bai kai ba, ya ce ya juyo. Na yi ta kira layi a cike don yana ta buga wa abokan sana'a yana gargaɗinsu, daga baya waya ta mutu gaba ɗaya. Sai da safe na same shi, ihu bayan hari. Mota ta kwana a tsaye, direba ya ce shi sai an sake sabon ciniki, ga zafin Afrilu, shi kuma tumatir ba ya jiran kowa ya gama shawara. A kasuwar Ƴankaba ta nan Kano aka karyar da shi, kwandunan ƙasa har sun fara zubar da ruwa. Ba zan faɗi nawa ya tafi ba, amma bai sake lodi ba a wannan kakar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na koma na karanta labarin shafin nan a tsanake, layi-layi, ban samu ƙarya ko ɗaya ba. An yi rikici a Shasha, gaskiya ne. An ƙona shaguna da gidaje, gaskiya ne. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita, gaskiya ne, har gwamnonin arewa sun je Ibadan a lokacin, daga baya ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. Duk an yi, amma shekara huɗu kafin wannan daren. Mai shafin shekarar kawai ya cire ya ɗora yanzu-yanzu, kwanan watan da ke saman shafin kuma na ranar ne tunda ranar ya wallafa. Ya san mutane na cikin zafin Uromi, ya san za a danna a tura, shi kuma da dannawar nan yake cin abinci. Ni duk shekarun nan ƙarya na koyi farauta, hoton bogi, muryar bogi, ban taɓa shirya wa gaskiyar da aka canza wa rana ba.

Tun daga nan tambayata ta farko ba ita ce gaskiya ne ko ƙarya ba, yaushe ne. Idan Lens ya jero min wuraren da hoto ya fito ba na kallon sunan jaridar in ji sanyi, buɗewa nake ɗaya bayan ɗaya ina neman mafi tsufa. Idan bidiyo ne in tsayar da shi a wurare daban-daban in ɗauki hoton fuskar wayar in bincika kowanne. Sannan in tambayi kaina, kasuwa kamar Shasha ta kama da wuta a ce awa biyu BBC Hausa shiru, Aminiya shiru, Freedom Radio shiru, kakakin ƴan sandan jihar bai ce uffan ba, sai wani shafi guda mai hoton zaki a fuskarsa ne kaɗai ya sani? Wannan shirun da na saurare shi a daren nan da ya ishe ni. Kuma bakina ba ya sake furta "na gaskiya ne" sai na gama, ko da mutum zai yi ta kai-kai a waya. Mutumin da ke cikin tsoro rabin farko na maganarka kawai yake ji, in ka fara da "amma" ma ya fi.

Wani abu kuma da ban nema ba na tsinta, a daren da nake bin tsofaffin rahotannin Shasha don in tara wa Kawu hujja. Na jera su gefe da gefe sai na ga kamar ba gari ɗaya ake ba da labari ba. Wasu na kudu sun buɗe da mai gyaran takalmin da ya mutu bayan sa-in-sa tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago, suka daɗe a kansa, ƙone-ƙonen da aka yi wa Hausawa sai can ƙasa a layi biyu. Shafukanmu na nan kuma sun buɗe da gawawwakinmu da mata da yaran da suka fake a gidan Sarkin Sasa, shugaban Hausawan Shasha ɗin, mai gyaran takalmin wasu ko ambatonsa ba su yi ba, shagunan Yarbawa da suka ƙone kuwa kamar ba a yi ba. Ba wanda ya ƙirƙiri komai, kowa ya zaɓi inda zai fara da inda zai yi shiru. Na Uromi ma ai mun gani, a sa'o'in farko masu garkuwa da mutane aka yi ta kiransu saboda an ga bindigogin farauta a motar, muka yi ta tsine wa masu rubuta hakan kuma mun yi daidai. To amma ku lura da namu shafukan idan namu ne suka yi aika-aika, sai ka ga an koma "wasu fusatattun matasa", ko "rikici ya ɓarke", kamar rikicin da kansa ya tashi ya ɗauki adda. Wannan ba ya mana ciwo shi ya sa ba ma gani. Yanzu idan na karanta rahoton tashin hankali nakan duba wa aka kira da sunan ƙabilarsa ko addininsa, wa aka bari a "wasu", wa aka ji ta bakinsa, wa aka ce an yi ƙoƙarin jin ta bakinsa abin ya ci tura.

Adadi kuma na daina riƙe na ranar farko. Tudun Biri ta ishe mu misali, daren 3 ga Disambar 2023 da jirgi mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi. Da farko sojan sama aka yi ta ɗora wa, suka fito suka ce ba su ba ne, sai ga shi sojan ƙasa ne suka amsa. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 suka mutu, Amnesty ta ce sun haura 120. Wanda ke son gwamnati ya ɗauki ƙaramin ya yi kanu, wanda ke jin haushinta ya ɗauki babban, ba mai gaya maka akwai ɗayan. Jaridar da ta ce wane ya ce kaza wane kuma ya ce kaza, ita nake komawa gobe. Wadda ta ce "majiya mai tushe" ko "rahotanni sun nuna" ta tsaya nan, sai in ce to wace majiya, tushen a ina yake. Kuma kar yawan shafuka ya ruɗe ku, sau da yawa za ka ga goma sun kawo labari ɗaya ka ce ai ya tabbata, ka duba da kyau sai ka ga har kuskuren rubutun iri ɗaya ne, mutum ɗaya ne ya rubuta tara suka kwafa. Shuɗin makin nan na gefen suna shi ma yanzu da kuɗi ake saya.

Manyan gidajen rediyon waje ina sauraronsu kuma sun fi shafukan nan nesa ba kusa ba, aƙalla in sun yi kuskure akwai wanda za a kama. Amma ina sane RFI ta Faransa ce, DW ta Jamus, TRT ta Turkiyya, kowa da inda idonsa ya fi zuwa. Labarin Nijar musamman tun juyin mulkin Yulin 2023 ba na ɗaukarsa daga baki ɗaya, sojojin sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan shekarar, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disambar 2024, to kafafen gwamnatin can su ma ai ba za su faɗa maka abin da bai yi wa masu mulki daɗi ba. Sai ka ji nan ka ji can, in kana da ɗan uwa a Maraɗi ko Damagaram ka buga masa. Shafukan tantance labarai na Dubawa da Africa Check kuma nakan leƙa su kafin in wahalar da kaina, wani lokacin sun riga sun gama aikin.

Na san wani zai ce tumatir ne kawai. Haka ne, kuma alhamdulillahi da ya tsaya a tumatir. A Yunin 2018 lokacin kashe-kashen Barikin Ladi an yaɗa wani bidiyo a Facebook na mutumin da aka sassara wa kai aka ce a Filato ne, binciken BBC ya gano a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012, kuma a kwanakin nan an tare hanya an fito da matafiya daga mota an kashe su. Shi ma bidiyon na gaskiya ne, da wani ya kira ni a lokacin ya ce duba min, da irin amsar da na ba Kawu zan ba shi.

Kawu bai taɓa neman sanin wa ke da shafin ba. Haushinsa rabi a kan yaron da ya turo, rabi a kaina, zomo ai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mun shirya dai, amma har yanzu in muka haɗu a taron suna ko ɗaurin aure sai ya nuna ni ya ce ga mai cewa hoto na gaskiya ne. Na kai ƙarar shafin ta maɓallin nan da suke cewa a danna, na sa abokai ma sun danna, yana nan daram mabiyansa sun ƙaru.

Inda har yanzu ba ni da dabara shi ne saƙon murya. Ba hoto balle ka bincika, ba kwanan wata, sai wani bawan Allah da sallama mai tsawo da kuka a murya yana cewa ƴan uwa a yaɗa saboda Allah, ga kibiya biyu a samansa alamar ya zaga duniya. Mu da muka tashi da asuba muka yi wanka da ruwan gishiri a 2014 saboda Ebola mun san ƙarfinsa. Abin da nake yi kawai shi ne in tambayi wanda ya turo, wane gari ne, wace rana, kuma wa ka sani da ya gani da idonsa. Yawanci shiru ke biyo baya. Goggona dai da na yi mata tambayoyin nan a guruf ɗin dangi kan wata murya da ke cewa an sa guba a wani abin sha, sai ta ce na fiye ƙaƙale da rashin ta ido, ta sa admin ya cire ni, sai da Hajiyarmu ta sa baki aka mayar da ni.