Na fasa filasha a gaban kyamara, na share lissafin Alhaji

Har yanzu in na tuna yadda na danna maɓallin amincewa sau biyu ba tare da na karanta ba, sai cikina ya ɗuri ruwa.

Ina da shagon gyaran kwamfuta kusa da Beirut Road a Kano. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 masu tsofaffin kwamfutoci suke ta zuwa, wani yana son Windows 11, wani a gwada masa Linux Mint, wata babbar manhajar da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows. Kowa a layinmu da filasha yake wannan aiki. Ni kuwa na ce sai na fita daban: zan tara fayilolin ISO, wato fayilolin da ake ɗora wa kwamfuta Windows ko Linux da su, a cikin had-disk (faifan ajiya na kwamfuta), kwamfuta ta tashi da duk wanda na zaɓa, sannan in ɗauki guduma in fasa filasha a gaban kyamara don a ga ba na bukatarta, mu saka a TikTok. Ba ni na ƙirƙiro salon ba. Kamfanin Blendtec na Amurka da irinsa ya yi suna tun 2006, har iPhone suka niƙa a bilenda. Na manta kuwa da ranar da gilashin motar Cybertruck ta kamfanin Tesla ya tsage a bainar jama'a a Nuwamban 2019, shugaban kamfanin Elon Musk yana tsaye. Shi yana da kuɗin shanye kunya.

Da farko da GRUB na yi, manhajar da ke tayar da kwamfuta a Linux, kuma ya tafi daidai: ka ajiye ISO ɗin Ubuntu (wani nau'in Linux) a faifai, ka rubuta 'yan layuka a fayil ɗin 40_custom da umarnin loopback, ba ka goge komai ba. Matsalar ita ce ISO ɗin Windows ba ya tashi ta wannan hanya kai tsaye, alhali Windows mutanen Kano suke son gani. Shi ya sa na koma Ventoy, wata manhajar tayar da kwamfuta daga ISO da ta fito a 2020. Da shi kwafe ISO kawai za ka yi, amma ranar da ka fara ɗora shi a faifai sai ya share faifan kakaf.

Na san haka. Wallahi na sani, shi ya fi ƙona min rai.

A ranar akwai faifai biyu a jone da kwamfutar shago, kowanne mai giga 500. Ɗaya nawa ne, babu komai a ciki. Ɗayan na wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari, da ya kawo a kwashe masa kaya zuwa sabon SSD, wato faifan zamani mai sauri. Ventoy ba ya nuna faifan ciki sai ka buɗe zaɓin nuna duka na'urori, na buɗe, suka fito biyu kamar 'yan tagwaye. Yaron shagona yana riƙe da waya yana cewa, "Oga yi sauri, caji ya kusa ƙarewa." Manhajar ta gargaɗe ni, ta sake gargaɗi. Idona yana kan kyamara ina murmushi.

Bidiyo ya yi kyau, guduma ta sauka, filasha ta tarwatse. Sai bayan la'asar da na zo yin aikin Alhaji na buɗe faifansa, na tarar da ISO ɗina guda biyar zaune a ciki. Wato ban tsaya a sharewa ba, har na zuba sabon kaya mai nauyi a kan nasa, abin da ko sabon ɗan koyo ya san ba a yi. Lissafin bashin atamfa da shadda na shekaru, wa ya karɓi dila nawa, wa ya biya, duk a Excel suke.

Na kira shi muryata tana rawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, amana fa na ba ka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Kwana uku ina kan PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka share. Yana tono fayiloli, amma ba da sunayensu ba, sai lambobi irin f0482816.xlsx, dubbai a jibge. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa buɗewa, wasu su buɗe, wasu su ƙi. Na samo na shekarun baya-bayan nan. Tsofaffin da ISO suka hau kansu sun tafi. Allah ya taimake ni babban ɗansa yana da wani kwafi a imel, ya cike mafi yawan giɓin. Na ba shi SSD ɗin kyauta, ban karɓi ko sisi na aiki ba, kuma tun daga ranar bai sake aiko min da kowa ba.

Yanzu kafin in taɓa Ventoy, hannu nake sa wa in zare wayar duk wani faifai da ba shi zan share ba, ban yarda da idona ba. Kayan kwastoma kuma ba ya kwana a jikin injin da nake gwaji da shi. Faifan nawa yana nan da ISO ɗinsa, kullum da shi nake aiki, ya rage min wahala sosai.

Bidiyon yana cikin wayar yaron. Jiya ma ya ce, "Oga, mu sake shi mana, ai ya yi kyau." Na ce masa ya goge.